Sojan Amurka da takardar sallama: mai uwa a gindin murhu

Tun ranar 27 ga Janairun 2025 da Donald Trump ya sa hannu kan umarnin mayar da sojojin da aka kora saboda ƙin yin rigakafin korona, abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum sama da 8,000 ne, aka ce su dawo kan muƙaminsu, a kuma biya su ariyas na duk shekarun da suka yi a gida. Ba baƙin ciki nake musu ba, Allah ya sa alheri. Saurin alƙalamin ne ya tsaya mini a rai, domin a ƙasar tasu akwai 'yan mazan jiya, wasu tun na yaƙin Vietnam, da suka tsufa suna roƙon a gyara musu layi ɗaya a takardar sallama.

Layin nan shi ne abincin mutum. Duk sojan da ya tuɓe kaki ana ba shi takardar DD-214, a ciki an rubuta irin fitar da ya yi: ta mutunci, ta tsaka-tsaki, ko wadda aka ce ƙarara ba ta mutunci ba ce. Ta ukun nan ba sai an je kotun soja ba ake manna wa mutum ita. Kuɗin karatun jami'a da gwamnati ke biya wa tsoffin sojoji, sai mai ta farko. Mai ta uku kuwa ko asibitin tsoffin sojoji ya je, sai an zauna an duba ko ya cancanci ganin likita. Mai ɗaukar aiki ma ita yake fara tambaya.

Masu ƙin rigakafin ba su taɓa ɗanɗana ta ukun nan ba. Tun a Disamban 2021 majalisar dokoki ta yi musu rumfa, ta hana a ba su abin da ya gaza ta tsaka-tsaki. Da aka soke dokar tilasta rigakafin a Janairun 2023 aka buɗe musu ƙofa, zuwa Oktoban 2023 mutum 43 kacal suka koma. Duk da haka shugaban ƙasa ya bi su har gida da kuɗi. Mai uwa a gindin murhu ai ba ya cin tuwonsa gaya.

To, ga marayun. A 2017 ofishin bincike na majalisar, GAO, ya ƙirga sojoji 91,764 da aka kora kan rashin ɗa'a tsakanin 2011 da 2015. Kashi 62 cikin ɗari, wato mutum 57,141, likita ya riga ya rubuta a fayil ɗinsu, cikin shekara biyu kafin korar, cewa suna fama da firgitar yaƙi da ake kira PTSD, ko rauni a ƙwaƙwalwa, ko wata lalura mai kama da su. A cikinsu 13,283 aka ba su sallamar da ba ta mutunci ba. An ɗauki yaro ɗan shekara 19 an kai shi Falluja a Iraki ko Kandahar a Afganistan, bam ɗin gefen hanya ya tashi da abokinsa a kan idonsa. Ya dawo barci ya ƙaurace masa, ya kama giya ko ƙwaya, ya makara a faretin safe, wata rana ya ɗaga wa saje hannu. Sai a kore shi saboda alamomin ciwon da aikin ya sa masa, da takardar da za ta tsare shi a ƙofar asibitin da ke maganin wannan ciwon. Na Vietnam nasu ya fi muni, don sai a 1980 likitocin Amurka suka amince cewa PTSD ciwo ne mai suna.

Za a ce ai akwai hanyar ɗaukaka ƙara. Akwai, a takarda. Mutum na da shekara 15 ya cike fom DD-293 ya kai gaban kwamitin rundunar da ta kore shi. In wa'adin ya wuce, sai wani kwamitin da wani fom ɗin. Kwamitin kuma yana fara zama ne da ɗaukar cewa hukuma ta yi daidai, shi mai ƙorafi ne zai kawo hujjar an zalunce shi. Mutumin da ƙarar tayar mota ke sa shi neman maɓoya, wanda wataƙila a cikin mota yake kwana, shi ake jira ya nemo fayil ɗin asibiti na shekara goma da shaidar abokan da suka watse. A 2014 sakataren tsaro Chuck Hagel ya umarci kwamitocin su riƙa sassautawa a kan masu PTSD, a 2017 aka ƙara wani umarnin. Da sun ji, da ba sai ɗaliban lauya na jami'ar Yale sun maka rundunar sojan ƙasa a kotu ba kafin ta yarda, a 2021, ta sake duba dubban ƙorafe-ƙorafen da ta yi watsi da su.

Masu cewa sassauci zai lalata ladabin soja sun haɗiye harshensu ranar da aka saka wa waɗanda suka ƙi bin umarni da ariyas, don haka ba zan ɓata tawada a kansu ba. Kada 'yan Democrat ma su yi mana burga. A Oktoban 2024 gwamnatin Biden ta gyara takardun mutum sama da 800 da aka kora a ƙarƙashin tsohuwar dokar da ta shafi masu neman jinsi ɗaya, ba tare da sun cike fom ba. Ashe dai ana iya yi. Kowace jam'iyya ta san inda makullin ma'ajiyar fayil yake idan nata ne a ciki. Hatta rundunarmu ta Najeriya, da duk abin da ake faɗa a kanta, ta duba shari'ar waɗanda aka kora a yaƙin Boko Haram ta mayar da 3,032 a 2015.

Ƙasar da ta ci moriyar yaran nan ita ya kamata ta ɗauki wahalar. Duk wanda aka kora alhali likitan soja ya rubuta yana da ciwon, Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, ta jawo fayil ɗinsa da kanta, ta gyara, sai in ita ce ta kawo hujjar babban laifi. Ba sai an yi cigiya ba. Mutum 13,283 ɗin nan daga kwamfutar ma'aikatar tsaron aka ƙirgo su, kowa da sunansa da lambarsa.