Lasin na hannu, aiki ya gagara: yadda zaman gida ke hana sabbin direbobin tirela aiki a Amurka

A 2021 ƙungiyar kamfanonin manyan motoci ta Amurka, ATA, ta shelanta cewa ƙasar na fama da ƙarancin direbobi kusan 80,000. Wanda ya ji wannan kuka zai ɗauka cewa duk mai lasin tuƙin tirela, wanda a can ake kira CDL, rububinsa za a yi. Da yawa sun ɗauka haka, har da 'yan Afirka ta Yamma da ke neman na tuwo a can. Sun biya dubban daloli a makarantar koyon tuƙi, sun ci jarrabawa, sun karɓi lasin. Sai da suka zauna cike takardar neman aiki suka gamu da tambayar da ba a koyar da amsarta a makaranta: ina kake a shekaru ukun da suka wuce, kuma wa zai shaida?

Tambayar daga doka ta fito. Ƙa'idar hukumar tarayya mai kula da lafiyar zirga-zirgar manyan motoci, FMCSA, ta wajabta wa mai neman aikin ya rubuta duk wuraren da ya yi aiki cikin shekaru uku, da kwanan wata, da dalilin barinsa. In kuma ya taɓa tuƙin babbar motar kasuwanci, sai ya ƙara wasu shekaru bakwai a baya, goma ke nan. Shi ma kamfanin dole ya binciki tarihin tuƙinsa. To amma babu inda dokar ta ce a juya wa mutum baya don ya yi wata takwas ko shekara biyu babu aiki. Bayani kawai ta nema. Kamfanoni ne suka ɗora nasu sharaɗin a kai, kowa da iyakar giɓin da zai iya jurewa, kuma sau da yawa manhajar kwamfuta ce ke tace takardun tun kafin idon ɗan adam ya kai kansu.

Masu kamfanonin ba mahaukata ba ne, suna da hujjarsu. Tirela cike da kaya tana kai fam 80,000, kimanin tan 36. Wanda aka damƙa wa ita zai yi makonni a hanya shi kaɗai, babu oga a kansa, yana tuƙi har awa 11 a rana kamar yadda doka ta yarje. In ya yi haɗari, lauyoyin waɗanda abin ya shafa za su tono takardar ɗaukarsa aiki su tambayi kamfanin me ya sa ya ɗauki mutumin da bai san inda ya shafe shekara guda ba. Kotunan Amurka sun sha yanke wa kamfanonin sufuri diyyar da ta haura dala miliyan 10 a shari'a guda, kamfanonin inshora kuwa ba sa mantuwa. Saboda haka mai ɗaukar aiki yana kallon giɓin nan yana raya abubuwa a ransa: ko gidan yari ne, ko shaye-shaye, ko an kore shi daga wani wuri yana ɓoyewa. Akwai kuma tsoron cewa wanda ya saba barcin safe ba zai jure tashin ƙarfe uku na dare ba, zai ajiye motar a wata tasha ya hau bas ya koma gida.

Duk da haka ina ganin lalaci ne ya fi yawa a cikin wannan tsari. Duk abin da suke tsoro akwai hanyar duba shi kai tsaye. Tun daga Janairun 2020 akwai rumbun bayanai na tarayya da ke ajiye sunan duk direban da ya faɗi gwajin ƙwaya ko giya, kuma dole kamfani ya leƙa shi kafin ya ɗauki mutum. Gwajin fitsari kafin fara aiki tilas ne, haka gwajin likita. Tarihin laifukan hanya yana wurin hukumar lasin ta kowace jiha, na manyan laifuka yana kotu. Tun Fabrairun 2022 ma ba a barin sabon direba ya yi jarrabawar tuƙi sai ya kammala horo a makarantar da ke cikin rajistar gwamnati. Wanda ya tsallake duk waɗannan shingaye, me zamansa a gida ya rage na ƙwarewarsa? Sabon direba ai sabo ne. Wanda ya fito daga aikin ɗaukar kaya a sito jiya da wadda ta yi shekara biyu tana jinyar mahaifiyarta, dukkansu ba su taɓa yi wa tirela ribas a gaban ɗakin sauke kaya cikin dusar ƙanƙara ba.

Masana tattalin arziki sun auna wannan ɗabi'a. A binciken da Kory Kroft da Fabian Lange da Matthew Notowidigdo suka wallafa a 2013, sun aika takardun neman aiki na ƙirƙira kusan 12,000 zuwa birane 100 na Amurka, suna bambanta tsawon lokacin da mai nema ya yi ba aiki. Wanda ya yi wata takwas a zaune, damar a kira shi ta ragu da kusan kashi 45 cikin ɗari idan aka kwatanta da mai wata ɗaya. Ayyukan ofis da na sayar da kaya suka gwada, ba tuƙi ba, sai dai tunanin mai ɗaukar aiki ɗaya ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sun gano hukuncin ya fi tsanani a inda ayyuka suke da yawa, domin a nan ne ake cewa in da yana da amfani da tuni wani ya ɗauke shi. Wato kowane kamfani yana jingina da hukuncin na gabansa, wanda shi ma bai ga mutumin ba. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar tana kiran mutum mai dogon rashin aiki da zarar ya kai mako 27. Wata shida da ɗoriya ke nan, lokacin da karayar ƙafa ɗaya ko rufe masana'anta a ƙaramin gari ya isa ya cinye.

Ga kuma abin dariya. Manyan kamfanonin jigilar nesa sun shafe shekaru suna canza direbobi da kusan kashi 90 cikin ɗari a shekara. Mutanen da suka tantance, masu tarihin aiki mai tsafta, su ne dai ke ajiye makulli su tafi saboda ƙarancin albashi, da zaman jiran lodi na sa'o'i ba a biya, da rashin ganin iyali. In har takarda mai tsafta ce ke nuna wanda zai daɗe, da adadin bai kai haka ba. Mutumin da ya ɗanɗana zaman gida da bashi a wuya, ni a ganina, ya fi kusa da riƙe aikin da hannu biyu.

A tashoshinmu na gida ba haka ake yi ba. Yaron mota yakan yi shekaru a gefen ubangidansa, yana ɗaure tamfol, yana canza taya, har ranar da za a ce ya isa, kuma mai mota ya karɓe shi bisa shaidar wanda ya tsaya masa. Tsarin na da nasa aibin, don wanda bai san kowa ba ya shiga uku. Amma aƙalla mutum ake shaida. Baƙon da ya isa Amurka daga Kumasi ko Maradi yana faɗawa tsakanin tsarin biyu: ya yi aiki shekara da shekaru, sai dai a kasuwa ko garejin da ba ya ba da takardar albashi, kuma babu ma'aikacin kamfani da zai ɗauki waya ya kira ƙasar waje don tabbatarwa. A takarda, shekarun nan babu su.

Lokaci ma bai taimaka ba. A 2022 kasuwar jigilar kaya ta yi sanyi, a Agustan 2023 kamfanin manyan motoci na Yellow mai kusan shekara ɗari ya durƙushe, ma'aikata kimanin 30,000 suka rasa aiki, da yawansu direbobi masu gogewa. Da irin waɗannan a layi, mai ɗaukar aiki na da damar yanga.

Wanda ya samu kansa a wannan hali, abin da ke fitar da shi takarda ce. Kamfanoni da yawa suna karɓar shaidar biyan haraji, ko takardar tallafin rashin aiki, ko ta makaranta, ko wasiƙar rantsuwa daga mutanen da ba dangi ba da suka san yana jinya ko renon yara. Ko aikin wucin gadi na 'yan watanni kafin shiga makarantar tuƙi yana sauya yadda ake karanta takardar. Cike giɓin da aikin ƙarya kuwa shi ne mafi muni, domin fam ɗin yana ɗauke da sa hannun cewa duk abin da aka rubuta gaskiya ne, kuma in aka gano, korar za ta bi mutum zuwa kamfani na gaba. Sannan shi kansa lasin yana tsufa a aljihu: in aka yi watanni da gama makaranta ba a hau mota ba, kamfanoni da dama za su ce sai an koma an sake horo, sau da yawa kuma daga aljihun wanda ba shi da aikin.