Ku ba mu mita, ku toshe bututu, kafin ku yi mana wa'azin tattali

Kullum ka kunna rediyo sai ka ji ana ja mana kunne: a yi tattalin ruwa, a yi tattalin wuta, a kashe ƙwan da ba a amfani da shi, kada a bar famfo yana ɗiga. Maganar gaskiya ce, ban musa ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne waɗanda ake faɗa wa. Wane famfo ne zai ɗiga a unguwarmu? Famfon da ya yi tsatsa a tsakar gida, har yaran da aka haifa a gidan sun shiga makaranta ba su taɓa ganin ruwa ya fito daga bakinsa ba?

Mu da muke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ba mu neman wanda zai koya mana tattali. Ku zo ku ga yadda uwargida take juya jarka ɗaya. Ruwan da ta wanke shinkafa da shi ba ya zuwa kwata, gindin zogale take kai shi. Ruwan ɗaurayar kayan yara shi ake wanke tsumma da shi, abin da ya rage a yayyafa wa tsakar gida kafin shara, ko a kai banɗaki. Yaro ya kuskura ya cika buta don wanke hannu kawai, zai sha faɗa. Tun muna makarantar allo aka karanta mana cewa Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya yake alwala, da sa'i ɗaya yake wanka. Addini ya hore mu, tsada kuma ta ƙara hore mu.

To ina ruwan yake tafiya? Kano ba ta rasa ruwa ba. Ga madatsar Tiga tun zamanin Audu Bako, ga ta Challawa, ga matatun ruwa a Challawa da Tamburawa. Amma a bakin titin da nake bi zuwa kasuwa, bututu ya fashe, ruwa mai tsabta yana kwarara cikin kwata dare da rana, har ciyawa ta tsiro a wurin. An kai ƙara, an sake kaiwa, ba wanda ya zo ko da kallo. Abin da ke zuba a wurin nan cikin yini guda ya fi abin da layinmu gaba ɗaya zai iya tattalawa a wata.

Sannan ga 'yan uwanmu masu hali, su ma sai na faɗa musu. Alhaji, ka haƙa bohol a gidanka, Allah ya ƙara buɗi. Amma don Allah me ya sa za a kunna inji a manta, tanki ya cika ya yi ta ambaliya ta bayan katanga, alhali ga yara mata a tsaye da bokiti suna kallo? Akwai 'yar na'urar da ke kashe injin da kanta idan tanki ya cika, kuɗinta bai kai na man da kake ƙonawa a mako ba. Direba ya saki tiyo a ƙasa yana saɓa mota, ruwa na gudu, shi yana hira. Bokiti biyu sun isa wanke motar nan. Ruwan ƙasa na kowa ne, kuma rijiyoyinmu na gado kullum sai ƙara musu zurfi muke, wasu ma sun ƙafe.

Ɗan garuwa ban ga laifinsa ba. Shi ma saye yake, ya turo kura cikin rana. Mai bohol idan babu wuta sai ya tada janareta, man fetur kuwa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura 1,000 a ƙarshen 2024. Duk wannan a kan jarkar talaka yake sauka. Wa ya manta Oktoban 2024, lokacin da yawancin Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu? Ruwa ya yi wuyar samu, wanda aka samu kuma kuɗinsa ya wuce hankali.

Batun wuta shi ya fi cin rai. Na cire ƙwayayen gidana masu cin wat 60, na sa masu cin wat 9. Uwargida ta ajiye dutsen guga na lantarki ta koma na gawayi. Hita mun daina kunna ta. Wata ya ƙare, aka turo takardar bil, kuɗin ya fi na baya. Akwai watan da muka kulle gida muka tafi ƙauye zaman makoki, muka dawo muka tarar da takarda a maƙale a ƙofa, ko kwabo ba a rage ba. Saboda me? Saboda ba ni da mita, ƙiyasi ake yi mini. Wani yana zaune a ofis yana rubuta abin da ya ga dama, idan na yi gardama a zo da tsani a yanke waya. Ba ni kaɗai ba ne, kusan rabin masu biyan kuɗin wuta a ƙasar nan ba su da mita. A 2020 aka ce an sa iyaka ga kuɗin ƙiyasi, a shekarar kuma aka ƙaddamar da shirin raba mita ga jama'a. Mun cike takarda, muna nan muna jira.

Wannan tsari shi da kansa yake koya wa mutane ɓarna. Bi layinmu da rana tsaka idan an kawo wuta: ƙwayayen ƙofar gida suna ci, fanka na juyawa a ɗakin da babu kowa. Ka yi wa mutum magana ya ce maka: "Malam, na kashe ko ban kashe ba, kuɗin ɗaya ne." Me za ka ce masa? Gidan ƙanina kuwa da ke da mita mai kati, har ƙaramar 'yarsa ta san ta kashe fanka idan za ta fita, domin suna ganin lambar tana raguwa da idonsu.

A watan Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ware a matsayin masu samun wuta mafi yawa, naira 225 a kowane yunit, bisa alƙawarin awa 20 a rana. Mu na rukunin baya sai dai mu ji labari. Taransifoma ta ƙone, mu za mu yi karo-karo mu gyara, kuma bil ɗin kwanakin duhun yana nan yana jiranmu.

Masu alhakin ruwa da wuta, mu mun yi namu. Ku kawo mana mita mu biya abin da muka sha. Ku turo ma'aikata su toshe bututun da ke zuba a kan titi. Kuɗin sanarwar da kuke biyan gidajen rediyo ku saya mana mita da shi.