Shekara takwas suke nema, ciwon bai ba shi ko uku ba

Ina cikin takaba takardar Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji ta Amurka ta iso. A tsaye na buɗe ta a kicin, kusa da injin markaɗen da na yi shekara biyu ina niƙa wa baban yara abinci da shi. Layi biyu suka yi na ta'aziyya, suka gode masa da bautar ƙasa, suka faɗi abin da za a riƙa ba ni duk wata. Can ƙasa kuma aka ce ƙarin da ake yi wa wasu matan tsoffin sojoji ba ni da rabo a ciki, wai don mijina bai cika shekara takwas a matsayin mai cikakkiyar nakasa ba kafin ya rasu.

Shekara takwas! Da ciwon ALS? Wa ya gaya musu wannan ciwon yana jira?

Cuta ce da ke cinye jijiyoyin da ke kai umarni daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka. A nan Amurka an fi kiranta da sunan Lou Gehrig, ɗan wasan da aka gano masa ita a 1939, ya mutu a 1941. Shi ma ɗin shekara biyu. Yawancin masu ita daga shekara 2 zuwa 5 suke yi bayan likita ya tabbatar. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce, ai masanin kimiyyar nan Stephen Hawking ya haura shekara hamsin da ita. To, shi ya sa duniya ta san shi. Nawa mijin shekara biyu da wata goma ya yi.

Da carbi abin ya fara. Bayan sallar asuba sai in ga ya suɓuce masa, ya ɗauka, ya sake faɗuwa. Daga nan buta ta gagare shi, sai maɓallin riga, sai cokali. Mutumin da ya je Iraki sau biyu da kaya niƙi-niƙi a gadon baya, ya dawo ƙuda ya sauka masa a hanci sai ya bi ni da ido in kore. Hankalinsa kuwa garau, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Yana jin komai, yana gane komai, yana kallon jikinsa yana barinsa gaɓa bayan gaɓa. Da dare duk bayan awa biyu sai na juya shi. In yawu ya taru masa a maƙogwaro in kunna injin zuƙa, ƙararsa kamar tsohon keken ɗinki, yara su farka. Abinci ta bututun ciki. Da harshe ya mutu aka kawo masa kwamfutar da ke bin ƙwayar ido, ya ɗauki minti uku yana harhaɗa haruffa don kawai ya ce mini "sannu, Hajiya". Aikin kula da tsofaffi da nake yi a gidajen mutane tuni na ajiye shi, don ba zan iya goge wa iyayen wasu jiki nawa yana shaƙewa a gida ba.

Ba zan yi butulci ba. An ba shi keken guragu mai lantarki, an taimaka mana da gyaran banɗaki da faɗaɗa ƙofofi, kuɗin nakasarsa kuma yana shigowa. Wannan ma ba kyauta ya faɗo daga sama ba, wasu ne suka yi ta buga ƙofar majalisa da keken guragu. A 2006 Cibiyar Nazarin Lafiya ta Amurka ta fitar da rahoton da ya nuna akwai alamar dangantaka tsakanin aikin soja da wannan cuta. A 2007 Janar Thomas Mikolajcik na sojan sama, shi kansa yana fama da ita, ya je gaban 'yan majalisa ya ba da shaida. A watan Satumba na 2008 Ma'aikatar Kula da Tsoffin Sojoji ta amince cewa duk wanda ya yi kwana 90 a jere yana aikin soja, daga baya ALS ta kama shi, za a ɗauka aikin ne sila, ba sai ya kawo hujja ba. A 2012 kuma suka ce da zarar an gano ta, nakasa ce ɗari bisa ɗari.

To ku duba mini wannan lissafi. Gwamnati da bakinta ta ce aikinta ne ya jawo ciwon. Da bakinta ta ce nakasar cikakkiya ce tun ranar farko. Likitocinta sun san iya kwanakin da ciwon ke bayarwa. Sannan doka ta ce matarsa ba za ta ga ƙarin ba sai in ya yi shekara takwas a jere a wannan hali, suna tare da aure. An rataye nama a inda aka san hannu ba zai kai ba, aka ce wanda ya ciro nasa ne.

Nawa ne ma kuɗin da ake ta jan rai a kai? Dala 300 da ɗoriya a wata, a kan dala 1,600 da 'yan kai da ake ba matar mamacin. 'Yan'uwa a gida in suka ji sai su buga da kuɗinmu su ce ai Hajiya kin warke. Su zo su biya haya a nan wata ɗaya tukuna. Ranar da ya cika, kuɗin nakasarsa ya tsaya cak. Ɗan alawus ɗin mai jinya ya biyo baya, bayan wata uku. Na koma neman aiki da bayan da ya riga ya lalace wurin ɗaga namiji baligi daga gado zuwa kujera. An ce hikimar ƙarin ita ce a saka wa matar da ta daɗe tana jinya ta rasa sana'arta. Ni tawa sana'ar ba ta salwanta ba? Ko jinyar da ta haɗa wahalar shekara takwas ta cusa cikin uku ba jinya ba ce?

Gyaran fa ba wani dogon abu ba ne. Tun 2021 Elissa Slotkin daga Mishigan da Brian Fitzpatrick daga Fensilbaniya suka kai ƙudurin Adalci ga Tsoffin Sojoji Masu ALS gaban Majalisar Wakilai, ita 'yar jam'iyyar Dimokurat, shi ɗan Rifablikan. A Majalisar Dattawa ma Chris Coons da Lisa Murkowski suka ɗauka. Abin da ya ƙunsa kawai a cire sharaɗin shekara takwas ga wanda wannan cuta ta kashe. Ba ka jin wanda ya fito fili ya ce ba ya so. Amma ƙuduri a nan shekara biyu ce rayuwarsa: in wa'adin majalisa ya ƙare ba a zartar ba, ya mutu, sai a sake daga farko. Haka na 2021 ya mutu, aka sake kawo shi a 2023. Ƙudurin ma kansa kamar ya kamu da ciwon.

Kada wani ya ce mini majalisa ba ta iya sauri. A Disambar 2020 sun cire jiran wata biyar da ake sa masu ALS su yi kafin a fara biyansu inshorar nakasa, saboda sun gane mutane na mutuwa a kan layi. Hujjar ai ɗaya ce. Me ya sa da aka zo kan matan da aka bari sai kunne ya toshe?

Na kira ofishin ɗan majalisarmu ya fi a ƙirga. Kullum wani yaro ne mai ladabi yake ɗauka, ya ce ya yi baƙin ciki da rashin da na yi, ya tambayi lambar unguwarmu, ya ce zai isar. Sau biyu aka aiko mini da wasiƙa iri ɗaya, har waƙafi bai canza ba, cewa mai girma wakili yana tare da tsoffin sojoji. Yana tare da su a ina? Da muka yi ayari zuwa Washinton da wasu matan, muka jira fiye da awa a baranda, aka ba mu minti goma da wata ma'aikaciya, shi kuma aka ce yana wurin ƙuri'a. Wata baiwar Allah da ke kusa da ni ta zo da mijinta a keke, injin numfashi na huci a bayansa. Ya yi ta kafe allon da ido yana haɗa jimlarsa, kafin ya gama an miƙe ana gode mana. Ranar Tsoffin Sojoji kuwa, 11 ga Nuwamba, sai ga wakilin namu a Facebook, hannu a ƙirji, tuta a baya. Na rubuta masa a ƙasa: ranka ya daɗe, sa hannu a ƙudurin ya fi sa hannu a ƙirji sauƙi. Ba a amsa ba.

Wakilai 435 ne, sanatoci 100. Gafara sa muke ta ji, ƙaho shiru. Matar nan ta baranda ta kira ni makon jiya, nata mijin ma ya cika, shekara uku da wata ɗaya. Ta tambaye ni yadda ake cike takardun. Na ce ta bari a yi sadakar bakwai, zan zo da biro, kuma Litinin mu biyu za mu kira ofishin, ta yi magana in yi.