Ba Munin Zane Ke Sa Edita Ya Ƙi Shi Ba

Matasa masu zanen barkwanci a biranen Garwa da Marwa na arewacin Kamaru sukan ɗauka duk aikin da edita ya mayar musu, hannunsu ne bai faɗa ba. Sau da yawa kuwa laifin na layin da ke ƙarƙashin hoton ne. A zana ɗan acaba ya ɗauko mutum huɗu da akuya, a rubuta "Kaya sun yi yawa", ai mai karatu ya riga ya gani da idonsa. Amma akuyar ta waiwayo ta ce, "Alhaji, ɗan matsa, ni ma na biya", nan dariya take.

Wani lokacin ma gurbi ne babu. A mujallar New Yorker ta Amurka, ƙwararru kan kai zane wajen 10 a mako, a ɗauki ɗaya ko a ƙi duka.