Miyar tsirkiya

Tsirkiyoyin jitar bas ɗina, jitar nan mai kaurin murya, sun mutu. Ba tsinkewa suka yi ba, murya ce ta dushe, gumi da ƙurar hunturu sun toshe tsakanin zaren ƙarfen. Ga bikin Asabar ya matso. Sai na faɗa Sabon Gari.

Yaron shagon, wanda ko gemu bai fara ba, ya tsare ni da tambayoyi. Huɗu ko biyar? Mai kaushi ko mai santsi? Kauri lamba 45 zuwa 105, ko mai laushi 40 zuwa 100? Wuyan jitar dogo ne mai inci 34 ko gajere mai 30? Har da yi mini karatu, wai mai kaushi ta fi kaifin murya, irin wadda kamfanin Rotosound suka fitar a 1966, mai santsi kuma ta fi zurfi, ita James Jamerson, makaɗin bas na kamfanin waƙa na Motown, ya riƙa kaɗawa shekara da shekaru bai canza ba. Wai ta nikel ta fi tausaya wa yatsa, ta sitenles kuwa tana cin yatsa tana cin ƙarafan wuyan jita. Duk na san wannan tun yana goye. Kuɗi kawai nake son ji. Da ya faɗi kuɗin ta kamfanin D'Addario sai na ce bari in je in dawo. Ya yi murmushi, ya mayar da kwalin.

Mai gangarmu ne ya ce, "Ka dafa su mana."

Kun san shi. Mutumin da bai taɓa sayen tsirkiya ba a rayuwarsa, sandarsa ma in ta karye reshen darbejiya yake fiƙewa. Wayar sifikata tana hannunsa tun bikin Zariya, kullum "tana gida". Shi ne mai ba da shawara a kan kayan wani. Abin haushin kuma gaskiya ya faɗa: tafasa tana fitar da dauɗa, muryar ta ɗan dawo na wani lokaci.

Uwargida ta tafi kitso. Na naɗe su, na jefa a tukunya, na kunna gas. Suna tsaka da tafasa sai ga sallama.

Hajiya ce. Surukata. Da autarta a baya riƙe da jaka.

Ni kuwa singileti da gajeren wando, ga ludayi a hannu. Na zube ƙasa, ludayin na ɓoye shi a baya kamar yaron da ya saci nama. Ina wuni Hajiya, ya hanya, ya mutan gida, ya Baba da jiki, na ja gaisuwar nan iya ƙarfina ko Allah zai sa ta wuce ɗaki. Ba ta wuce ba. Ta zauna a kan turmi. Tukunya kuwa sai ƙwal-ƙwal-ƙwal take, ƙarfe na dukan ƙarfe.

"Ikon Allah. Auta, je ki karɓi yayanki, kada girkin ya ƙone."

Na ce a'a Hajiya, ai ya ma nuna. Ya nuna! Da bakina na faɗa. Auta ta zare ludayin daga bayana, ta buɗe murfi. Wata kumfa toka-toka ta taso, gumin bukukuwan da ban san adadinsu ba. Ta tsoma ludayi ta ɗago tsirkiyar E, mai kaurin nan. Tana ɗagawa abu yana warwarewa, tana ɗagawa yana ƙara tsawo, har sai da ta yi ɗage. Ni dai ina durƙushe ina kallon siminti.

Hajiya ba ta dube ni ba. Sai ta tambayi Auta, a hankali: "Wane malamin ne ya ba shi?"

Na ce, "Hajiya, ta jita ce."

"Jitar ce ba lafiya?"

Auta ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Ita wannan yarinyar ni na biya mata kuɗin jarrabawa bara. Hajiya ta daɗe tana kallon tukunyar, sannan ta ce, har yanzu da Auta take magana, "Wannan ai cikin kayan ɗakin Yayarki take. Ni na zaɓo ta da hannuna." Ta miƙe, ta ce Allah ya ba mara lafiya sauƙi, ta shige ɗaki.

Muryar ta dawo, ban hana ba. Amma ina ɗaura tsirkiyar G, siririyar cikinsu, ina murɗawa ta tsinke a wajen tsohon lanƙwasonta. Na koma Sabon Gari na sayi nikel mai kaushi, 45 zuwa 105. Yaron ya ce, "Oga, ka dawo." Ban amsa ba.

Tukunyar yanzu kaji ke shan ruwa a ciki. Mai ganga ya baza wa kowa labari, har mai piyano yana tambayata ko da daddawa ake yi. Wayar sifikata kuma tana gida, in ji mai ganga.