Dutse da farantin ƙarfe: abin da ya sa nake girmama aikin Lee Ufan

Da yawanmu da an ambaci sassaƙa sai gunki ya faɗo mana a rai, mu kau da kai. Na fahimci wannan taka-tsantsan. Amma ku dubi aikin Lee Ufan, wanda babu surar mutum ko ta dabba a cikinsa.

An haife shi a Koriya a 1936, ya koma Japan a 1956, ya karanta falsafa a Jami'ar Nihon da ke Tokyo. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 yana cikin jagororin Mono-ha, wata ƙungiyar masu fasaha a Japan, masu ganin cewa mai fasaha ya rage tilasta wa kayan aiki son zuciyarsa. Shi ya sa yake zaɓo dutse yadda Allah ya halicce shi, ba ya fafe shi, ba ya goge shi, sai ya ajiye shi a gaban farantin ƙarfe mai kauri daga masana'anta. Relatum yake kiran waɗannan ayyuka. Wani lokaci farantin na tsaye jikin bango, dutsen na fuskantarsa daga ɗan nesa, inuwarsa ta faɗa kan ƙarfen. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce rabin aikin.

Maƙeranmu na da, da suke narkar da tama su fitar da ƙarfe, sun san ƙarfe daga dutse ya fito. To, kamar uba ne da ɗan da ya daɗe a birni suka zauna suna kallon juna ba magana.

Wasu za su ce ai kowa zai iya wannan. Ban yarda ba. Hannun da ya iya ƙara ado amma ya kame, shi ne mai wuyar samu. Abin da ke damuna shi ne kayan ƙyale-ƙyale da ake sayarwa a intanet, an lanƙwasa ƙarfe an rubuta masa "kwanciyar hankali" don ya yi tsada. Natsuwar Lee daga ƙaranta hannu take zuwa.

Ko a fadar Versailles ta Faransa a 2014, gidan da ado ya yi wa yawa, cikin ayyukan da ya kafa akwai wani ƙarfe mai sheƙi da aka lanƙwasa kamar baka, da manyan duwatsu biyu a gindinsa. Gidan tarihinsa kuma yana tsibirin Naoshima a Japan, mai zanen gine-gine Tadao Ando ya zana shi da zallar kankare, aka buɗe shi a 2010.