Mai Toka a Jiki Ba Abin Dariyarku Ba Ne

Daren jiya a wurin mai shayi na tarar da samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya, suna ƙyaƙyata dariya har ɗaya yana dukan benci. Na leƙa. Bidiyon wani tsoho ne ɗan Indiya, jikinsa duk toka, gashi a dunƙule, daga Kumbh Mela, babban taron ibadar mabiya addinin Hindu, da aka yi a birnin Prayagraj farkon 2025. "Yaya, zo ka ga mahaukaci," in ji ƙaraminsu. Wallahi ban iya shanye shayin nan ba.

Ƙannena, wa ya koya muku wannan? Ba ku san me mutum ya bari ba, ba ku san me yake nema ba, sai izgili. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wanda kuke kira mahaukaci, a can sadhu suke ce masa, wato mai gudun duniya. Mai ɗaukar alkawarin sannyasa, wato alkawarin rabuwa da duniya, ranar shigarsa shi da kansa yake yi wa kansa al'adun mamaci, a aske shi, a sa masa sabon suna, ya bar gida da gado. Daga shi sai mayafi ruwan goro, sanda da butar ruwa. Kuma abin ba na jiya ba ne: cibiyoyinsu huɗu, a Sringeri, Dwarka, Puri da Joshimath, ana danganta su ga Adi Shankara, malamin Hindu da ya rayu fiye da shekara dubu da suka wuce.

Lokacin da na raka kawuna Delhi neman magani, na samu zarafin zuwa Haridwar, wani garin ibadarsu. Da asubar fari, ga sanyi mai ratsa ƙashi, na ga wani irinsu zaune a bakin kogin Ganga, ido a rufe. Ƙuda ya sauka a girarsa, ya yi yawonsa, ya tashi, mutumin ko gezau. Ni kuwa a tsayuwar nan na duba wayata ya fi sau goma.

Suna da misalin barewar almiski. Tana jin ƙamshi, tana ta gudu daji-daji tana neman inda yake fitowa, alhali a cibiyarta yake. Suka ce haka ɗan Adam yake, abin da yake nema a waje yana cikinsa.

Kada wani ya juya min magana. Mabiyan Shankara sun ce ran mutum, wato atman, da Ubangiji abu ɗaya ne. Mu kuwa mun ce bawa bawa ne, Mahalicci Mahalicci ne, babu haɗi. Amma Allah da kansa, a Suratul An'am aya ta 108, ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa. To dariyar taku daga wane malami kuka ɗauko ta?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kai da liman bai gama sallama ta biyu ba hannunka yana aljihu, kai ne mai dariya? Kai da kuɗin cefanen mahaifiyarka suka tafi cacar ƙwallo a waya? Ban ma zo kan masu ba almajiri naira ɗari suna ɗaukar bidiyo ba, ranarsu daban. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Yau sadhu ne, gobe gurgun unguwa, jibi tsohon da ya yi tuntuɓe a ƙofar masallaci. Duk kun mayar da bayin Allah abin cika shafi.

Ku gyara. Ku riƙa zama da kanku ko kaɗan ne, ku ji abin da ke ƙirjinku.

Abin da ya fi ci min rai, mu ma fa muna da masu shiru. Kakana kan zauna a buzunsa daga sallar asuba har hantsi, carbi a hannu, ko mu jikokinsa ba ma kusantar zauren. Ana shiga halwa, ana i'itikafi ba tare da an sanar da duniya ba, baƙo ko wane addini yake yi sai an ba shi ruwa kafin a tambayi sunansa. Buzun nan yana rataye a zaure har yau, ƙura ta rufe shi, a ƙarƙashinsa yaran gida suke jona cajar waya.